Zuwa ga iyayen Katsina da Daura masu shirin kai yaro karatun gini

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyaye 'yan uwana maza da mata, ina gaishe ku, ya iyali ya haƙuri da wannan zamani. Ni magini ne, shekara 26 kenan ina wannan sana'a a cikin garin Katsina da kewaye, daga ɗaukar kwanon sarki na fara har Allah Ya kawo ni inda yau ake damƙa min fili da zane a ce a fitar da gida. Abin da yasa na ɗauki waya nake rubuta muku shi ne tun da sakamakon jarabawa ya fara fitowa kusan babu satin da wani ba zai tare ni ba, ko a ƙofar masallaci ko a wurin aiki, ya ce "Malam yaron nan nawa gini yake so, ina zan kai shi?" kuma amsar ba ta tsaye bace, tana buƙatar zama, shi yasa nace bari in rubuta ta sau ɗaya kowa ya gani.

Zan fara da abin da ya faru a gidanmu don har yau yana min ciwo. Ɗan ƙanwata, yaro mai hankali wallahi, tun yana ƙarami in ya zo wurin aikina ba ya zama, sai ya ɗauki tef yana aune-aune. Da ya gama sakandare uwarsa taga wata takarda an manna a bango, wai wata makaranta mai zaman kanta tana bada difloma a fannin gini, babu JAMB babu wahala, shekara biyu ka fito. Ba ta tambaye ni ba, ni ma kuma ban bi ba, wannan laifin ina ɗauke da shi. Ta sayar da awakinta da 'yar sarƙarta aka biya. Shekara biyu yaro yana zuwa yana dawowa da littafi cike da rubutu. Ranar da ya gama na ce toh zo mu je, na ba shi zanen wani gida mai ɗaki uku na ce fitar min da kusurwar farko, ga igiya ga turaku ga tef. Ya tsaya yana kallona. Shekara biyu ba a taɓa fita da su waje an buga turke ɗaya ba. Da muka ce to bari ya ci gaba ya yi babbar difloma wato HND ko a can ya gyara, sai aka duba takardar aka ce wannan makaranta ba ta da rajistar kwas ɗin, takardar ba ta da wani amfani. Uwarsa ta yi kuka a gabana. Yanzu yana tare da ni, ya fara daga farko, kuma alhamdulillahi hannunsa ya fara faɗawa, amma shekara biyun nan da kuɗin marainiyar Allah sun tafi.

Shi yasa roƙona na farko kuma mafi girma, don Allah don Annabi kafin ka biya ko sisi na fom, ka sa takalminka kaje makarantar da ƙafarka. Kar ka tsaya a ofishin shugaba inda akwai fanka da kujera mai laushi. Ka ce a kai ka wokshof, inda yara ke aiki da hannu. Ka duba da idonka, akwai tarin yashi a wurin? Akwai bulo da aka ɗora aka rushe aka sake ɗorawa? Cokulan gini da ma'aunin ruwa suna da alamar an taɓa su ko suna kulle a kabad don ranar da baƙi za su zo? Ƙasan wurin in ka gan shi fes kamar falon amarya to ba a aiki a nan. Sannan ka ja ɗalibi ɗaya gefe, wanda ke shekarar ƙarshe, ka tambaye shi a hankali sau nawa suka kwaɓa siminti a zangon nan, yaro ba zai ɓoye maka ba. Wannan tafiyar ta yini ɗaya ce kawai, kuɗin mota ne, amma da ƙanwata ta yi ta da ba a kai ga abin da aka kai ba.

Bayan ido kuma sai takarda. Duk wata kwalejin fasaha da ke bada ƙaramar difloma wato ND ko HND a Najeriya, hukumar NBTE ce ke tantance ta, hedikwatarta na Kaduna, tun 1977 aka kafa ta don wannan aikin. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba makarantar kaɗai ake tantancewa ba, kowane kwas daban ake duba shi, kuma izinin yana da wa'adi, yana ƙarewa a sake zuwa a duba. Kenan makaranta tana iya zama halastacciya amma kwas ɗin da ɗanka zai shiga bai samu izini ba ko nasa ya ƙare. Ka tambaya kai tsaye, wannan kwas ɗin na gini yana da tantancewar NBTE a bana? A nuna maka. Ba rashin kunya bane, kuɗinka ne da shekarun ɗanka. In jami'a ce kuma hukumar NUC ce. Kuma duk wanda yace maka zai ba ɗanka ND ba tare da an bi ta JAMB ba, ka riƙe aljihunka, don ranar da za a je bautar ƙasa bayan HND a nan matsalar za ta fito.

Sai wani abu da ke rikita iyaye. Mu a nan duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe takarda a wurin gini sunansa injiniya. To ba haka bane, aiki ne kashi-kashi kuma kowanne karatunsa daban. Akwai mai zana gidan, shi ke tsara ina falo ina kicin ina iska za ta shiga, shi ne akitek. Akwai injiniya na gaske wanda ke lissafin nauyi, shi zai ce rodi mai kauri kaza guda kaza za a sa a wannan ginshiƙin, hukumarsu ita ce COREN. Akwai wanda ya karanta fasahar gini ita kanta, shi ne mai tsayawa a wurin aiki ya tabbatar abin da aka zana shi aka gina, ya tsara ma'aikata da kaya da lokaci, su kuma CORBON ke musu rajista. Akwai mai lissafin kaya da kuɗi, wanda tun kafin a haƙa fandisho zai faɗa maka buhun siminti nawa, bulo nawa, kwano bandir nawa. Sannan ga mu masu hannu, birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da mai famfo da mai wayarin da mai tayil. Ka zauna da yaron ka ji wanne yake nufi in ya ce gini, don na sha ganin yaro yana son zane an tura shi lissafin ƙarfe ya ƙare yana faɗuwa jarabawa, ana cewa ba shi da ƙoƙari alhali ba wurinsa aka kai shi ba. Kuma wannan har 'ya'ya mata, zane da lissafin kaya aiki ne da mace za ta yi shi da mutuncinta, na yi aiki da zanen da mace ta yi kuma ban ga inda ya gaza ba.

Yanzu maganar da nafi so ku ji, ita ce ta makarantun fasaha na matakin sakandare, waɗanda muke ce ma tekinikal. Mu Katsinawa mun raina su, gaskiya ɗaya ce. Yaro in ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, mai ƙoƙari sai a ce kimiyya zai je ya zama likita, wanda aka ga kamar bai ja sosai sai a ce a kai shi tekinikal, kamar wani wurin ajiye waɗanda aka rasa yadda za a yi da su. Wannan tunanin ya cuce mu ba kaɗan ba. Muna da su a jihar nan, akwai ta Mashi, akwai ta Ingawa, akwai ta Funtua, ga kuma ta gwamnatin tarayya a Dayi. Shekara uku yaro zai yi yana koyon ɗora bulo da zuba kankare ko kafinta ko wayarin, tare da lissafi da turanci da zanen fasaha, a ƙarshe ya zana jarabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, ya samu takardar NTC. Kuma takardar nan ana karɓarta wajen neman shiga poli wato kwalejin fasaha, ko jami'a kamar yadda ake karɓar WAEC da NECO in ya samu kiredit ɗin da ake so. Kenan ba a rufe masa ƙofa ba, ƙofa biyu ma aka buɗe masa. In Allah Ya hore ya ci gaba, in kuma hali bai yi ba, ko uba ya faɗi ya rasu wanda ba fata muke ba, yaro yana shekara 18 yana da abin da zai ci abinci da shi ya riƙe ƙannensa.

Ni dai a cikin ɗaliban da ake turo min koyon aiki, daga nesa nake gane wanda ya bi ta tekinikal kafin ya shiga poli. Yadda zai riƙe cokali kaɗai ya isa. In na ce a fitar da kusurwa ba ya jiran a kawo wani inji, zai auna uku a wannan igiyar, huɗu a waccan, ya duba tsakaninsu in biyar ne cif to kusurwa ta miƙe. Kuma shi ga shi yana karanta zane, wanda ni sai da na yi shekaru ina bin wani injiniya mai haƙuri, Allah Ya jiƙansa, kafin na iya. Irin wannan yaron lebura ba ya masa wasa, ɗan kwangila ba ya masa wayo.

Wanda kuma ya riga ya gama babbar sakandare, poli ita ce hanya mafi kusa. Ga Hassan Usman Katsina nan a hanyar Dutsin-ma, ga ta tarayya a Daura da aka kafa zamanin marigayi Buhari, wanda ke da halin nisa ga ta Kaduna wadda ta daɗe tana fitar da ma'aikatan gini a Arewa. Tsarin shi ne ND shekara 2, a tsakiyarta akwai 'yan watannin koyon aiki da ake kira SIWES wanda hukumar ITF ke kula da shi, in ya gama sai shekara ɗaya cur ta aiki a waje, sannan ya dawo HND shekara 2. Sai yaro yana da kiredit biyar har da lissafi da turanci da fiziks, don haka in ɗanka yana aji huɗu yanzu yana gudun lissafi kuma yana cewa gini zai karanta, tun yau za a tashi tsaye a kansa.

Wannan shekara ɗayan ta tsakanin ND da HND, iyaye, ita ce zuciyar karatun gaba ɗaya kuma ita muka fi wasa da ita. Sau nawa uba ya zo wurina da kansa yana cewa "Malam taimaka ka sa masa hannu a littafin nan, ka san yaran yanzu, rana ta yi zafi." Wani ma ofis zai nema masa inda zai zauna yana danna waya har shekara ta ƙare. Ni bana sa hannu, kuma na ɓata da mutane a kan haka har da dangi. Dalilina shi ne wannan yaron gobe shi za a ba makaranta ko asibiti ko masallaci ya tsaya a kai. A littafi an faɗa masa kankare ɗaya-biyu-huɗu ne, siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, amma sai a wurin aiki zai ga yadda mai kwaɓa ke ƙara ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, kuma ruwan nan da ya yi yawa shi ke kashe ƙarfin kankaren. A littafi an ce kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa, kuma aƙalla satin farko kullum sai an ba shi ruwa, amma sai a nan zai ga mai gida ya tsaya a kansa yana cewa a cire katako yau don biki ya matso, ya koyi yadda ake ce ma Alhaji a'a cikin ladabi. Sai a nan zai ɗauki bulo ya murza gefensa da yatsa ya ga yana zuba kamar garin kwaki, ya gane an buga 45 ko 50 a buhu ɗaya, alhali ni bulon inci tara in ya wuce 30 a buhu bana ɗora shi. Sai a nan zai damƙi yashi ya ga ya ɓata masa hannu da laka ya ce a mayar da tifar. Zai ga rodi kwance a kan katako babu ɗan abin da ya ɗaga shi, ya san in an zuba haka ƙarfen zai fito fili ya yi tsatsa. Babu malamin da zai koya maka waɗannan a kan allo.

Kuma ba wasa bane abin. Dukanmu mun ga bene mai hawa 21 da ya rufto a Ikoyi ta Legas a 2021, mun ga makarantar da ta faɗo wa ɗalibai a Jos a 2024 yara sama da 20 suka rasu suna cikin aji. Duk lokacin da naji irin wannan labarin bana iya barci sosai, sai in ta tuna gine-ginen da na yi ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina ko akwai inda na yi sakaci. Katsina yanzu benaye ake ta yi, unguwannin da da gonaki ne duk sun zama gidaje, to su wa za su tsaya a kansu in ba 'ya'yanmu ba?

Jami'a kuma ban hana kowa ba, wanda ɗansa ke da kai kuma akwai halin ɗaukar shekara 5, ga ABU Zariya ga Bayero a Kano, ga Jami'ar Sufuri da aka buɗe mana a Daura. Kuma ba zan ɓoye muku ba, a aikin gwamnati har yanzu ana fifita mai digiri a kan mai HND, wannan kukan an daɗe ana yinsa. Amma a wurin gini bango ba ya tambayar takarda. In ɗanka ya tafi jami'a to duk hutu ka haɗa shi da wani magini ya sha rana.

Sai waɗanda boko bai yi musu ba sam, ko babu halin. Kar uba ya ji kunya, koyon aiki wurin maigida hanya ce, ita na bi. Amma a zaɓi maigidan kamar yadda ake zaɓar makaranta. Ka je ka ga gidajen da ya gina shekara goma da suka wuce, sun tsage ko suna nan? Yaransa na baya suna ina, sun zama masu kansu ko har yau kwanon sarki suke ɗauka? Don akwai maigidan da zai riƙe yaro shekara biyar bai taɓa miƙa masa cokali ba saboda yana tsoron ya ƙwace masa aiki. Kuma in ya iya, a matsa masa ya je ya yi jarabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, ko wannan sabon tsarin na NSQ da ake auna abin da hannunka ya iya a ba ka shaida. Ni na yi sakaci da wannan ina saurayi, kuma akwai ayyukan manyan kamfanoni da suka wuce ni ina kallo saboda babu takardar da zan nuna. Ga titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi ya ratsa ta Daura da Katsina har Jibiya, irin wannan aikin in ana ɗaukar mutane takarda ake fara tambaya, wanda ba shi da ita ko ya fi kowa iyawa a lebura za a rubuta shi.

Abin da ke ƙona min rai kuma, yau in Alhaji yana son tayil mai kyau ko silin POP da ba zai ji kunyar baƙi ba, sau da yawa sai a ce a kira 'yan Togo ko 'yan Kwatano. Ba na jin haushinsu, sun iya ne, sun zauna sun koya, suna sa igiya suna sa ma'auni ba sa gaggawa. Amma mu fa jikokin waɗanda suka gina Gobarau ne, hasumiyar da ta yi ɗaruruwan shekaru tsaye da ƙasa da tubali. Ku je ku ga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ne. Ku shiga tsofaffin soraye a cikin gari ko a Daura ku ɗaga kai ku ga ɗaurin guga da yadda aka jera azara, ɗaki sanyi ƙalau a tsakiyar bazara ba fanka. Har sarauta gare mu ta Sarkin Magina saboda girman da kakanninmu suka ba wannan sana'a. Yaushe ta koma abin da uba zai sunkuyar da kai in an ce ita ɗansa ke yi?

Ku kuma iyaye mata, Hajiya ke kika fi kowa sanin yaron nan. In kin ga tun yana ƙarami shi ne mai gyara ƙofar da ta ɓalle, shi ne mai gina ɗakin kaji, ki faɗa wa babansa tun kafin a cike fom ɗin aji huɗu, don a nan ake raba hanya, ba bayan an gama sakandare ba.

Ɗan ƙanwar tawa bana zai zana JAMB, yana son ND ɗin gaske a wannan karon. Na riga na faɗa masa ranar da za a je duba makarantar tare za mu tafi, ni da shi da uwarsa, kuma wokshof za mu fara shiga kafin ofis.

Wassalam.

Naku,
wani magini daga cikin garin Katsina